Hagun Mai Kwance

"Sau uku ke nan, Auta! Sau uku!"

Auta ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da goge saman wata durowar gefen gado wadda tun safe ta goge ta, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Dogo yana tsaye a tsakiyar shagon kayan ɗakin da take aiki, fensir maƙale a bayan kunne, garin katako har a gashin girarsa. Daga wajen aikinsa na kafinta ya taso, ko riga bai canja ba, don saƙon da ta tura masa ba na zama ba ne.

"Ka rage murya mana, akwai mutane..."

"Ina mutanen? Gadaje ne da katifu. Su ma su ji!"

"Wata uku kawai na ce a ƙara."

"Na farko wata shida kika ce. Na biyu wata huɗu. Har mahaifiyata ta daina tambayata ranar auren, sai dai ta kalle ni ta girgiza kai."

"Baba bai warware ba."

"Hannun nan ba zai dawo ba, masoyiya. Ke kika faɗa min da bakinki, ranar da kuka dawo daga wajen likita."

Gaskiya ce kuwa. Shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba ta gefen dama. Ƙafar ta ɗan dawo, yana takawa da sanda, amma hannun ya kwanta ke nan. Yayanta da matarsa suna zaune a sashen gaba na gidan, kuma ba sau ɗaya ba sau biyu ba sun ce ta yi aurenta, su za su kula da shi. Auta ta yi kunnen uwar shegu da su. A ganinta duk duniya babu wanda ya iya miƙa wa Baba kofin ruwa daidai sai ita.

Ana cikin haka wata mata ta shigo, tana neman durowar gefen gado ta ɗakin 'yan biyunta. Nan take Auta ta share fuska kamar ba ita ba.

"Shekararsu nawa? Huɗu? To bar wannan mai gilashin, Anti. Ki ɗauki mai zagayayyen baki, ko sun yi karo da ita goshi ba zai fashe ba. Kuma mai faɗin gindi, don sai sun hau kanta, ko kin hana."

"Na ɗakin baƙi fa?"

"Wannan ba ya son tarkace. Aljihu ɗaya, da wajen fitila, da wajen cajin waya. In ɗakin matsattse ne ki ɗauki ta maƙalawa a bango, a samu wajen shara. Ke kuma naki ɗakin, in kina karatu a kwance, ki nemi mai buɗaɗɗen ƙasa inda littattafai za su zauna."

Matar ta tafi tana godiya. Dogo, da ya harɗe hannu yana kallo, ya ce, "Kowa kin san abin da ya dace da gefen gadonsa. Baba fa? Me ke gefen nasa?"

"Wadda ta fi kowacce kyau a shagon nan! Mai saman gilashi, da ƙafafun ƙarfe, da 'yan maɓallai ruwan zinariya."

"Me yake kiranki ki yi masa?"

Ta fara lissafi da yatsu. Ruwa. Magani. Tabarau. Rediyo. Waya. Sanda, in ta zame ta faɗi.

"Duk abin da kika lissafa, ban da sandar, babu wanda ya fi tafin hannuna girma."

Ta ajiye tsumman. "Wato ni durowa ce?"

"Ban ce ba..."

"Ka ce mana! Shekara biyu ina tsaye a kan mahaifina, kai kuma ka auna ka ga katako zai iya!"

"Ki ba ni mako ɗaya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "In yi masa ta daidai da shi. In bayan haka har yanzu ba zai iya rabuwa da ke ba, ba za ki ƙara jin maganar aure a bakina ba. Amma ki sani, Auta, shirun nan ba na jira ba ne. Na gaji."

Tana son mutumin nan, so na gaske, irin wanda ke sa ta duba waya sau goma kafin azahar. Amma girman kai ya hana ta nunawa. Ta ce masa tsayin katifar inci ashirin da huɗu ne daga ƙasa, kuma a gefen hagu za a ajiye ta. Ya zaro fensir ya rubuta a tafin hannunsa, ya fita bai yi sallama ba.

Ranar Asabar da hantsi ya iso gidansu da durowar a kafaɗa, lulluɓe da tsohon zane.

Baba yana zaune a bakin gado. Shi ma kafinta ne a da, shekara arba'in yana riƙe da zarto, rabin ƙofofin unguwar shi ya yi su. Amma tun da ciwon ya same shi ya sa aka kulle akwatin kayan aikinsa aka tura ƙarƙashin gado, kuma duk wanda ya ɗauko zancen katako sai ya juya fuska bango. Dogo ma gaisuwa kawai ke haɗa su, "lafiya lau" ɗaya, shi ke nan.

Dogo ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya yaye zanen.

A gaskiya aikin ya yi kyau. Katako ne mai ruwan zuma, an goge shi sumul. Akwai aljihu a sama, da ƙofa a ƙasa, da wani ɗan faranti na katako da ke juyowa ya zo kan cinyar mai kwance. Auta ta ji wani alfahari ya taso mata, ta danne shi.

Dogo ya ɗauke ta ya nufi ɗaya gefen gadon.

"Ba can ba," in ji Auta. "Nan. Gefen hagu na ce maka."

Ya tsaya a ƙarshen gadon, ya kalli gadon, ya kalli hannunsa. "Ai nan ne hagu."

"Nan ne hannun da ba ya motsi!"

Sai a lokacin ya gane. A hankali ya zagayo da ita inda ta nuna, ya janye mai gilashin, ya ajiye tasa. Ya tura farantin, farantin ya juya ya bugi bango. Ya buɗe ƙofar, ta buɗo ta wajen gado ta tare hanyar hannu gaba ɗaya. Komai a juye yake. Kwana shida yana aiki, ashe ya zana gadon ne yadda kafinta ke zana shi a takarda, yana tsaye daga ƙafa yana fuskantarsa.

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, rabi don kunyarsa, rabi don abin da kuskuren nan zai jawo musu.

"Wa ya koya maka aiki?"

Duk suka juya. Baba ne, kuma da wata murya da Auta ta manta yana da ita.

"Baba, kuskure ne, zan..."

"Na ce wa ya koya maka? Da aka ce maka hagu, ka tambaya hagun wa? Hagun mai tsaye ko hagun mai kwance?"

"Ban tambaya ba, Baba."

"Ai na gani. Gado ba hoto ba ne da za ka tsaya kana kallo. Auta, kama ni in koma kujera. Kai kuma cire takalmi ka hau."

"Na'am?"

"Kurma ne kuma? Hau ka kwanta!"

Haka Dogo ya miƙe a gadon surukin da bai gama zama surukinsa ba, ƙafafunsa sun leƙo waje da kusan taƙi guda. Auta ta toshe baki da mayafi. Matar Yaya da ta leƙo ta ga abin da ke faruwa, ta koma da gudu tana ƙyalƙyala dariya.

"Sa hannun dama a aljihu. Ya mutu, ba ka da shi. Auta, mayar da ta gilashin wajenta, ki ɗora robar ruwa. To bisimilla, sha ruwa."

Dogo ya miƙa hannu. Durowar ta fi katifar tsayi, sai da ya ɗage kafaɗa kafin ya kai. Ya ɗauko robar, ya yi ƙoƙarin murɗe murfin da hannu ɗaya, robar ta dinga juyawa tare da murfin. Ya matse ta a hammata, ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin gado.

"Madalla. Yanzu buɗe aljihun ka ɗauko magani."

Ya kama ɗan maɓallin da yatsu biyu ya ja. Aljihun bai buɗe ba, durowar ce gaba ɗaya ta biyo shi tana ƙara a kan tayil, kofin da ke kan gilashin ya yi tangal-tangal.

"Ka gani?" in ji Baba. "Tana son hannu biyu, ɗaya ya dafe, ɗaya ya ja. Kyan ɗan maciji ke gare ta."

Dariyar Auta ta ɗauke. Shekara biyu tana goge gilashin nan kullum safe, ba ta taɓa lura Baba bai taɓa buɗe aljihun da kansa ba. Ita da ke gaya wa mutanen gari abin da ya dace da ɗakunansu.

"Baba... me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba?"

Bai kalle ta ba. "Ranar da kika shigo da ita, shi ne karo na farko da na ga kin yi dariya tun da na kwanta. In ce miki me?"

Ta fita tsakar gida ta tsaya wajen famfo, ta buɗe shi don kada a ji kukanta. Ta tagar ɗakin tana jin Baba yana ci gaba da faɗa. Wai ba a auna katifa babu mutum a kanta, don nauyin mutum yana cin inci biyu. Wai maɓalli na masu yatsu goma ne, shi mariƙi yake so mai faɗi wanda hannu zai shiga. A yi wa saman baki kaɗan, don kwalbar magani ta daina gangarawa. A huda rami daidai gindin robar ruwa, ya riƙe ta gam, sai hannu ɗaya ya murɗe. A sa wa aljihun tsaiko kada ya zare ya faɗo. A yanka gurbi a gefe inda sanda za ta jingina.

"Kana rubutawa ko kana kallona?"

"Ina rubutawa, Baba."

"Jawo akwatin nan na ƙarƙashin gado. Makullin yana cikin aljihun rigata ta bayan ƙofa. Waɗannan ƙarafan maƙala ƙofa naka na zamani ba za su juyu ba, ina da nawa."

Kwana huɗu Dogo yana zuwa da la'asar. A tsakar gida suka kafa wajen aiki, Baba a kujera, sanda a hannu yana nuni da ita, Dogo a durƙushe yana shan faɗa. Sau biyu aka sa shi ya warware abin da ya haɗa. Auta in ta dawo daga shago ta kawo musu shayi, ba mai ko kallonta. Rana ta uku ta ji Baba yana cewa, "Hannunka ba laifi, kanka ne ke sauri," ta ga Dogo ya sunkuyar da kai yana murmushi kamar an ba shi kyautar mota.

Rana ta huɗu aka shigar da durowar ɗaki. Dogo ya tattara kayansa, ya gaida Baba, ya zo wucewa ta gabanta.

"Na gama," ya ce. Bai ƙara ko kalma ba, kamar yadda ya yi alkawari. Ta bi bayansa da ido har ya fita.

Washegari ta farka ƙarfe shida kamar kullum. Bangon ɗakinta ɗaya da na Baba, kuma ta saba shida da kwata take jin "Auta!" na farko, na ruwa. Ta zauna a bakin gado tana jira. Shida da kwata ta wuce. Da rabi ta wuce. Bakwai saura kwata ba ta ji ko tari ba.

Ta miƙe zumbur. Haka aka yi da mahaifiyarsu shekara huɗu da suka wuce: gida ya yi shiru da safe, kowa ya ɗauka barci take yi, Auta ta tafi aiki ba ta leƙa ba. Tun daga ranar ba ta yafe wa kanta ba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har Dogo.

Ta banka ƙofar ɗakin ko sallama babu.

Baba yana zaune ya jingina da matashi, tabarau a hanci, rediyo a kan farantin yana magana ƙasa-ƙasa. Robar ruwa a raminta, an sha rabi. Kwalbar magani a buɗe take, an mayar da ita gefe.

"Lafiya kike shigowa kamar an biyo ki?"

"Ba ka kira ni ba..."

"Me zan kira ki ki yi? Na sha ruwa, na sha magani, har na ji labarai."

Ya kamata ta yi murna. Maimakon haka sai ta ji haushi, haushi sosai, kamar an kore ta daga aiki ba laifin tsaye ba na zaune. Ta hau gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ta ɗauki tsumma ta nufi durowar, ta ga babu gilashin gogewa. Ta ɗaga matashin da ke kan kujera ta mayar da shi inda yake. Baba yana binta da ido ta saman tabarau.

"Kin gama?"

Sai hawayen suka zubo. "To ni yanzu me zan riƙa yi maka, Baba? Komai ta karɓe!"

Ya kashe rediyon.

"Zo nan. Shekara biyu kina shigowa ɗakin nan, a rana sau ashirin. Kin san ban taɓa ganin kin zauna ba? Ki miƙo, ki karɓa, ki fita. Ki miƙo, ki karɓa, ki fita. Ni ba ma'aikaciyar jinya na haifa ba, 'ya na haifa. Zauna."

Ta tsaya tana kallon bakin gadon kamar ba ta san yadda ake yi ba. Sannan ta zauna, hannayenta a cinya, babu kofi babu tsumma.

"Ni ma ina da laifi," ya ce. "Wani kiran ba ƙishi ne ke sa ni ba, so nake in ga fuskarki. Ina kallo kina ɗaga aurenki sau ɗaya, sau biyu, na yi shiru don ina jin daɗin ki a kusa. Son kai ne, kuma na ji kunyarsa ranar da yaron nan ya kwanta a gadona yana kokawa da robar ruwa saboda ke."

"Ina tsoro, Baba. In na tafi, wata safiya gidan ya yi shiru kamar na Mama..."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan farantin.

"Ashe abin da kike ɗauke da shi ke nan. Auta, ni ina kwance a gefenta ranar nan, taƙi ɗaya tsakaninmu, ban iya tare komai ba. Ke da kina ɗaki na gaba me za ki tare? Ranar da lokacina ya yi, ko kina riƙe da hannuna zan tafi. Abin da nake so, kafin ranar, in gan ki a ɗakinki."

Ya ɗaga hannun hagu ya ɗora a kanta. Tun da ya kwanta hannun nan karɓa kawai yake yi daga gare ta. Ta kifa fuska a gwiwarsa ta yi kuka mai isarta, shi kuma bai hana ta ba.

Da ta lafa, ya sa hannu a mariƙin ya ja aljihun, ya zaro wayarsa ya miƙa mata.

"Kira shi. Mutumin da zai sha faɗana kwana huɗu bai ɗaga kai ba, zai iya zama da ke."

"Baba!"

"Ƙarya na yi? Kira shi, kafin wata mai hankali ta riga ki."

Bugu ɗaya ya ɗauka. "Baba, ina kwana? Wani abu ya lalace ne?"

"Ni ce," ta ce, muryarta a dishe.

Tana jin ƙarar injin yanka katako a bayansa, sai kuma ƙarar ta tsaya.

"Auta? Lafiya? Baba fa?"

"Yana nan lafiya, yana harara ta. Dogo... wata ukun nan da na ce a ƙara..."

"Ina ji."

"Na janye. Ka yafe min, masoyi. Na wahalar da kai."

Ta ji ya sauke wani dogon numfashi. "Ki maimaita, injin bai bar ni na ji ba."

"Ƙarya yake, ya kashe injin!" Baba ya ɗaga murya daga inda yake. "Ki ce masa ni ne shaida, kuma ba na maimaita magana!"

Auta ta fashe da dariya da sauran hawaye a fuska. Ranar ta makara zuwa shago da awa biyu, don tana zaune tana ba Baba labarin yadda ta haɗu da Dogo, labarin da bai taɓa ji ba.

An ɗaura auren a ranar da aka sa, ba a ƙara ko kwana ɗaya ba.